Bargon Dogo

Tun ranar da Auta ya ɗaure jakarsa ya jingine ta a bayan ƙofa, zama ya gagari kowa a gidan. Shi dai Auta ba a maganarsa, tun yana rarrafe ƙafarsa ke yi masa ƙaiƙayi. Ya yi gyaran waya ya bari. Ya yi haya da babur ya bari. Ya kafa teburin takalma har ciniki ya fara zama, rana ɗaya ya tashi ya ce warin roba na sa masa ciwon kai. Yanzu kuma, da gemunsa cike da haɓa, wai haƙar zinariya za shi. Motar masu haƙa za ta tashi ƙarshen mako, har an kama masa wuri a baya, kan buhunan kaya.

Wanda abin ya fi tsaya wa a rai shi ne yayansa, Kafinta. Su uku Inna ta haifa, duk maza: Kafinta, sai Dogo, sai Auta. Irin wannan motar Dogo ya bi shekarun baya, yana ɗaga musu hannu yana dariya, aka wayi gari rami ya rufta da shi. Ko gawarsa ba a iya fitarwa ba. Abokan aikinsa ne suka zo da 'yar jakarsa, da wayarsa mai fasasshen gilashi, da wani guntun bargo, suka zauna a tsakar gida kowa kansa a ƙasa. Lokacin Auta na can wani gari yana yawonsa. Da ya dawo ya ƙi ko kallon kayan, kuma har yau in kana son ganin ɓacin ransa, ambaci Dogo a gabansa.

Shagon Kafinta a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na buɗewa tsakar gida. Mutum ne mai tsari har abin ya so ya yi yawa. Kowane zarto da ƙusar da ake rataye shi, fensir kullum a bayan kunne, kuma in ka kuskura ka zauna a kan aikinsa, ko kujera ce, sai ya tashe ka, wai sai mai ita ya fara zama. Amma a wannan makon ya auna ƙafar tebur ya yanke ta gajeriya, abin da rabonsa da yi tun yana koyo. Ya ɗauki guduma ya manta abin da zai buga. Ya fita bakin titi, ya dawo, ya leƙa tsakar gida ya ga jakar tana nan, ya sake fita. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tura wa Auta abokansa, duk ta bayan kunnensa maganar ta bi. Tsoro yake ji, tsoro ƙarara.

Ana haka Auta ya shigo shagon da hantsi. Bai zauna ba, ina fa. Ya yi ta zagaye tsakanin katakai yana taɓa abin da ba a sa shi ba.

"Yaya, kai kana ganin da ka zan faɗa wa aikin nan. Na san shi fa. Dubi nan."

Ya miƙo waya. A ciki wasu mutane ne a bakin ruwa, sun kwantar da wani dogon abu kamar kwami, suna zuba yashi ta sama, ruwa na kwashewa ta ƙasa. Kafinta ya ƙura ido. Ba mutanen yake kallo ba.

"Wannan ai katako ne."

"Akwatin wanki ke nan. Ruwa ya tafi da yashi, zinariya ta zauna, don ta fi komai nauyi."

"Su waɗannan ba sa shiga rami?"

"Waɗannan? 'Yan tsince-tsince ne, a bakin ruwa suke ƙarewa. Babbar harka tana ƙarƙashin ƙasa."

Kafinta ya cire fensir daga kunne, ya mayar, ya sake cirewa. Akwai wani rafi a bayan gari, bayan tsohuwar gada, wanda tsofaffi ke cewa da can an taɓa wanke yashinsa da tasa ana samun ɗan abin da ba a rasa ba. Ba wanda ya san gaskiyar maganar. Amma wanda ruwa ke ja ba ya zaɓen abin kamawa, haka Kafinta ya damƙi zancen da hannu biyu.

"In na haɗa maka irinsa, ƙarami, wanda za ka rataya a kafaɗa kai kaɗai, muka je rafin nan ya nuna, za ka bar motar ta tafi?"

Auta ya kwashe da dariya. "Rafin da ake wankin babura?"

"Tambayarka na yi."

"To, Yaya. In ya nuna ko ƙanƙani ne, na fasa. In bai nuna ba, ba mai sake tare ni, kuma ba mai sake kawo mini zancen kowa."

Kowa ɗin nan Dogo yake nufi. Kafinta ya ce ya ji.

Ya ture teburin mutane gefe. Ya zaɓo katako mara nauyi wanda ya bushe sarai, ya yanka tsawon da ba zai daki ƙafar mutum ba in ya goya shi. Ya yi gindi, ya yi bango biyu, ya buɗe bakin sama ya yi faɗi don karɓar shebur. Ya toshe duk wata kafa da danƙo, ya yanko tsohon bel ya yi maratayi. Daga nan sai hali ya motsa. Ya ɗauko samfefa ya bi cikin akwatin yana gogewa, ya goge, ya shafa da tafin hannu, ya sake gogewa, har ciki ya yi sumul kamar faranti. Bai tsaya nan ba sai da ya shafe shi da man ƙyalli. Ka ce falon wani za a kai.

Suka gwada a bakin famfon tsakar gida. Da yake ba zinariya a gidan, Kafinta ya gutsuttsura kawunan ƙananan ƙusoshi ya cakuɗa da yashin gini, tunda su ma nauyi gare su. Ya ɗora akwatin a kan bulo, ya daidaita shi lebur, don shi a duniyarsa abin da ya karkace bai gamu ba. Aka sako ruwa. Yashin ya taru ya yi tudu ya zauna abinsa.

"Ɗaga kansa mana, Yaya. Ba gado ba ne."

Ya ɗaga. Nan take ruwa ya kwashe komai, yashi da ƙusoshi, ya watsar a ƙafar matar Kafinta da ke wanke-wanke.

Auta ya riƙe ciki. "Wallahi ka yi wa zinariya titi! Ko birki ba za ta taka ba."

"Rufe mini baki."

"Haƙarƙari ake yi masa, sanduna a gicciye, ta sami inda za ta laɓe. Sannan a shimfiɗa wani abu mai gashi-gashi a ƙasa. Abin ba ya son kyau, Yaya, kaushi yake so."

Wannan magana ta yi wa Kafinta zafi fiye da dariyar. Duk rayuwarsa kaushi yake yaƙa, yau ga ƙaninsa, wanda ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba, yana koya masa ɓata aiki. Amma ya haɗiye. Ya koma shago ya tsaga siraran sanduna, ya jera su a kan wani firam kamar tsani, yadda za a iya ɗaga shi gaba ɗaya a fitar. Ya yanko ragar waya da za ta danne shimfiɗar. Saura shimfiɗar kanta, kuma a nan aka sha wuya.

Ya gwada buhu, ƙusoshin suka zame a kansa. Ya gwada tabarmar goge ƙafa, ta ƙi kwanciya. Ya yanko guntun kafet wajen mai ɗinkin kujeru, yashi ya toshe shi ya zama kamar siminti. Ya lallaɓa ya zare tawul daga igiya, matarsa ta biyo shi har ƙofar shago.

"Mai gida, in zinariyar ce ba ta zama sai a tawul ɗina, ka ce mata na gode, ta nemi wani gidan."

Tawul ɗin ma da ya jiƙe sai ya nannaɗe ya bi ruwa. Kwanaki na tafiya. Wayar Auta ba ta hutawa, kullum mai mota ne ko abokan tafiya, ana zancen fitilar goshi da igiya. Kafinta ya daina cin abinci a zaune. Tsakar gida ta zama taɓo, kaji na bi suna tsattsage yashi.

Duk wannan abin Inna na gani daga bakin ƙofarta. Ba ta ce wa Auta kada ya tafi ba, ko sau ɗaya. Ta taɓa faɗa wa Dogo, ya yi mata dariya ya rungume ta ya tafi, tun daga nan ta daina. Sai dai ta tashi ta share inda ta riga ta share, ta ninke kayan da ke ninke.

Ana gobe motar za ta tashi, da la'asar, Auta ya fita sallama da abokai. Inna ta shigo shagon da wata baƙar leda a hannu. Kafinta ya san ledar. Ya sha wucewa ta ƙofar ɗakinta ya hango ta buɗe bakinta kaɗan, ta sa fuskarta a ciki, ta yi shiru, sannan ta ƙulle da sauri kamar wani abu zai tsere.

"Babba," ta ce, don haka take kiransa, "na ji kuna neman abu mai gashi."

"Inna, bar shi. Zan samo."

"Abokan Dogo sun ce da shi yake wankin ƙasar zinariya. In ya yi wa wancan aiki, zai yi wa wannan." Ta ajiye a kan benci, amma hannunta bai bar kan ledar ba. "Kada ka yanka. Kuma ka dawo mini da abina."

Bargo ne mai ruwan toka, mai kauri, gashinsa a tsaitsaye, ya sandare kamar busasshiyar fata. Kafinta ya fita bayan shago ya kakkaɓe shi, ya bi shi da burushin da yake share dusar katako. Wanki kam bai ko zo masa a rai ba. Shi mutum ne da ya tashi yana gudun ruwa ya taɓa aikinsa, abu in ya yi datti a kakkaɓe a goge, haka aka koya masa. Ya ninka bargon daidai faɗin akwatin, ya kwantar, ya ɗora raga, ya danna firam. Ya gwada a famfo da ɗan ruwa kaɗan. Yashi ya wuce, kawunan ƙusoshi suka maƙale a bayan sanduna, kowanne a mazauninsa.

Da Auta ya dawo ya leƙa ta cikin ragar. "Wannan fa daga ina?"

"Tsumma ne. Na samo."

Kafinta ya ɓoye gaskiyar, don ya san in sunan Dogo ya fito, Auta ko rafin ba zai je ba.

Da sassafe suka kama hanya. Auta ya rataya akwatin yana gaba yana sauri kamar ana korarsa, Kafinta na biye da shebur da bokiti da babbar tasar matarsa, wadda ya ɗauko ba da saninta ba. Motar sai rana ta ɗaga za ta tashi, kuma ta kan tsohuwar gada za ta bi. Auta ya ce in abin bai yi ba, a nan zai tare ta, a aiko masa da jakar daga baya.

Suka wuce inda ake wankin babura, suka gangara wata kwana da ruwa ke rage gudu. Yashin wurin fari ne tas, ƙarƙashinsa laka mai ruwan toka. Suka kwantar da akwatin a bakin ruwa, suka tokare shi da duwatsu. Kafinta ya ɗaga kan, ya sauke, ya cusa wani dutse, ya cire, har ruwan ya riƙa gudu yana ɗan tafasa a bayan kowace sanda. Auta ya tuɓe takalma ya shiga haƙa. Yana zubawa, Kafinta na tsince manyan tsakuwa da hannu. Waya na ta ruri a aljihun wandon Auta.

Da bayansu ya gaji Auta ya ce a duba. Suka ɗaga firam, suka cire raga. Kafinta ya yi wuf ya naɗe bargon da kansa, ya tsoma a bokiti ya jijjiga, ya matse, ya juye abin da ya kwanta a cikin tasa. Auta ya tsuguna a ruwa ya fara juya tasar, yana karkata ta, farin yashi na fita kaɗan-kaɗan. Abin ya ragu ya koma baƙin yashi, cikin cokali ko bai kai ba. Ya ɗibo ruwa kaɗan ya kewaya da shi a hankali.

A gefen baƙin sai ga wani siririn layi rawaya, ƙanana-ƙanana kamar garin da ya zube, ruwa na wucewa ta kansu ba sa motsi.

"Yaya." Ya ɗago kai. "Yaya! Ita ce! Wallahi ita ce!"

Ya yi tsalle a cikin ruwa har ya kusa kifar da tasar. Kafinta ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen yashi yana ta hamdala. Auta ya zaro waya, baki har kunne.

"Ku tafi kawai! Eh, na fasa. A ba wani wurin. Ni tawa a bayan gida take!"

Ya juye ƙwayoyin a murfin kwalba, ya ƙulle a leda, ya ce a sake zubi. Kafinta ya jawo bokitin zai zubar da ruwan ciki, sai ya tsaya. Ruwan ja ne. Ya dubi tafin hannunsa, jar ƙasa ta kwanta a cikin zanen hannun. Ya ɗaga bargon ya ƙara matsewa, wani jan ya sake tsiyayowa. Ya dubi yashin da suke haƙa, fari. Ya dubi gaɓar rafin sama da ƙasa, ko ɗigon jar ƙasa babu.

Da shi yake wankin ƙasar, haka Inna ta ce. Bargon ya taho daga bakin rami da abin da ya riƙe a cikin gashinsa, ya kwanta a leda shekara da shekaru, shi kuma ya kakkaɓe shi da burushi kamar wani benci. Wannan zinariyar ba ta rafi ba ce. Ta Dogo ce.

"Yaya, shimfiɗa mana! Me kake kallo?"

Kafinta ya shimfiɗa. Suka sake zubi, suka wanke, aka ga ɗaya nan ɗaya can. Suka sake, ba a ga komai ba sai baƙin yashi. Auta bai damu ba, bakinsa ya buɗe. Ya ce haka take, jijiya-jijiya ce, sun gota ta ne, gobe za su matsa gaba. Ya fara lissafin wani akwatin da za a yi, babba.

Kafinta ya so ya faɗa masa gaskiya. Bai taɓa sayar wa mutum katako mai ɓoyayyen tsagu ba, sai ya juya ya nuna. Ga shi yau ya tsare ɗan'uwansa da abin da ba gaskiya ba. Ya buɗe baki, sai ya jiyo gurnanin babbar mota daga nesa. Ta hau gada a hankali, mutane cunkus a kan buhuna, wasu na ɗaga hannu, direba na danna hon. Auta ya ɗaga musu shebur yana dariya. In ya ruga yanzu zai same ta. Kafinta ya sunkuyar da kai ya yi ta wanke tasar da ba abin da ya rage a cikinta, har ƙarar ta ɓace.

A hanyar komawa Auta na ta zuba, Kafinta na amsawa da ka. Ya yi tunanin ya faɗa a nan, ya ce bari su kai gida. Ya yi tunanin ya riga shi shiga ya roƙi Inna ta yi shiru, ya ji kunyar kansa. Bai gama yanke shawara ba suka iso.

Auta ya jingine akwatin a tsakar gida ya faɗa ɗakin Inna ko sallama bai ƙarasa ba. Ya jawo ta waje inda haske yake, ya kwance ledar, ya ɗora mata murfin kwalbar a tafin hannu.

"Inna, ga ta. Na fasa tafiya. A rafinmu take!"

Inna ta kawo murfin kusa da idonta, ta nesanta shi, ta sake matsowa da shi. Ba ta taɓa ganin zinariya ba sai a kunnen mata.

"Wannan ce?" ta ce. "Wannan ɗan abin?"

"Farko ke nan, Inna."

"Allah ya sa albarka." Ta miƙa masa, ta juya wajen Kafinta. "Babba, ina bargon?"

Auta ya ce, "Wane bargo?"

"Na ɗan'uwanka mana. Wanda yake wankin ƙasa da shi. Ni na ba yayanka jiya."

Auta ba ya zama, amma ba ya da jinkirin fahimta. Ya dubi murfin, ya dubi akwatin, ya dubi jan da ya bushe a gefen farcen yayansa. Dariyar ta sauka daga fuskarsa.

"An wanke shi kafin a sa?"

"A'a," in ji Kafinta.

"Shi ya sa zubin farko ya nuna, sauran babu." Ya matso. "Ka sani?"

"Ban sani ba sai bayan ka kashe waya."

"Kafin motar ta wuce, ko bayan ta wuce?"

Kafinta ya ɗago ya dube shi. "Kafin."

"Ka tsaya kana kallona ina ɗaga musu hannu kamar wawa!" Muryar Auta ta cika gidan, matar Kafinta ta leƙo ta koma. "Kai da kake cewa ba ka ƙarya! Wannan ma ai shaida ce, a ramin take, ba a rafinku na wankin babura ba. Sai sun tsaya shan mai a mararraba, babur zan hau in same su."

Ya nufi bayan ƙofa ya fizgo jakar. Kafinta bai tare shi ba. Ba shi da sauran abin tarewa, an gwada akwati bai nuna ba, kuma alkawari alkawari ne. Ya durƙusa ya ɗaga firam, ya cire raga, ya fito da bargon yana ɗigar ruwa. Rafi ya wanke shi tas, ya yi laushi, har launinsa ya yi haske. Ya miƙa wa Inna da hannu biyu.

Ta karɓa. A nan tsaye, a gaban kowa, ta sa fuskarta a ciki. Ta daɗe. Ta ɗago, ta juya ɗaya gefen, ta sake sawa. Ta lalubo wata kusurwa, ta shinshina, ta lalubo wata. Auta, da ya kai bakin ƙofar fita da jaka a kafaɗa, ya waiwayo ya tsaya.

"Babu," Inna ta ce a hankali. "Warin rafi kawai yake yi."

Sai a lokacin Kafinta ya gane abin da ta bayar jiya, warin jikin Dogo, ya kuma gane ita ma ba ta san shi take bayarwa ba. "Inna, ki yafe mini. Ban yi tunani ba."

"Ni na ba ka." Ba ta yi kuka ba. Ta ninke jiƙaƙƙen bargon ta rungume, ruwan na jiƙa mata gaban riga. Sannan ta dubi Auta, ba faɗa, ba roƙo, kamar mai aiken a sayo mata gishiri.

"Auta, in tafiyar za ka yi, tuɓe rigar jikinka ka bar mini. Wadda ka yi gumi a ciki. Kada kowa ya wanke."

Auta ya kai hannu ya damƙe wuyan rigarsa. A titi wani mai babur ya rage gudu ganin mutum da jaka, ya yi hon, ya jira, ya gaji ya wuce.

Jakar ta zame daga kafaɗarsa ta sauka a taɓo. Ya tako a hankali ya dawo tsakar gida, murfin kwalbar na nan a ɗaya hannun, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya miƙa wa Inna.

"Nasa ne," ya ce. "Na Dogo ne."

Rabon da a ji sunan a bakinsa tun kafin a kawo kayan. Inna ta karɓa ta shige ɗaki ta saki labule.

Kafinta ya san wata motar za ta zo, ba a rasa su, kuma ƙafar Auta ba yau za ta daina ƙaiƙayi ba. Auta ya daɗe a tsaye yana kallon labulen. Can ya share fuska da hannun riga, ya yi magana ba tare da ya dubi yayansa ba.

"Gangaren ya yi yawa ɗazu. Kuma ba a kwanar nan ya kamata mu haƙa ba, sai can sama wajen duwatsu." Ya ja hanci. "A samo wani bargon. A wanke shi tukuna."

"Za a wanke."

Auta ya kifa akwatin a ƙasa, ya zauna a kansa, jiƙaƙƙe da yashi da komai. Kafinta ya ga katakon ya ɗan lotsa a tsakiya, bai ce masa ya tashi ba.